Tangaran: Yadda Kwanon Ƙasar Sin Ya Sauya Ginin Tukwane a Duniyar Musulmi

Gabatarwa

Duk wanda ya san ɗakunan matan aure a Gumel da Maigatari, ko a ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, ya san cewa jere shi ne abin da ido yake fara sauka a kansa. Kakanninmu mata sun yi zamanin ƙore da akusa da tasoshi. Iyayenmu suka yi na langa da kumbo da fanteka da samira. Yau kuma tangaran da kuloli ne suka cika kabad. Idan mutum ya kifa faranti ya duba gindinsa, sau da yawa zai tarar an rubuta cewa a ƙasar Sin aka yi shi. Da yawa daga cikinmu muna ɗauka wannan sabon al'amari ne da ya zo tare da babura da wayoyin hannu. Alhali kuwa fiye da shekara 1,200 ke nan da kwanon Sin ya fara shiga gidajen Musulmi, ya kuma tayar da hankalin masu ginin tukwanensu.

A wannan maƙala za mu bi sawun wannan kwano tun daga fadar Bagadaza har zuwa kasuwanninmu. Za mu ga abin da maginan Basra da Masar da Farisa suka yi lokacin da baƙon kaya ya zo ya fi nasu kyau. Mun kawo zancen cikin mujallar marubuta ne domin tambayar da ta fuskanci waɗannan magina ita ce take fuskantar duk mai riƙe da alƙalami a cikinmu, watau me mutum zai yi da abin da ya gani a hannun wasu ya burge shi?

Bambancin tangaran da tukunya

Kafin mu shiga tarihi ya kamata mu san abin da ya sa tangaran ya zama abin mamaki. Tukunya da tulu da randa irin namu ana gina su da yumɓu, a shanya, a tara a matoya, a lulluɓe da kara da ciyawa da kashin shanu a cinna wuta. Zafin irin wannan wuta da wuya ya kai 900 a ma'aunin zafi. Abin da yake fitowa jan kasko ne mai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, waɗanda ruwa ke tsatsafowa ta cikinsu. Wannan tsatsafo shi ne yake sanyaya ruwan randa a watan bazara, saboda haka ba aibi ba ne.

Shi kuwa tangaran da wata farar ƙasa ake yin sa, wadda masana ke kira kawolin, a haɗa ta da garin wani dutse mai narkewa. Ana gasa shi a rufaffiyar matoya har zafi ya kai wajen 1,300. A wannan zafin ƙasar da dutsen sukan narke su haɗe su zama abu guda, fari fat, mai tauri, wanda ruwa ba ya ratsawa. In an ƙwanƙwasa shi ya yi ƙara kamar ƙararrawa, in kuma sirara ce aka ɗaga shi a rana sai a ga haske ta cikinsa. Sinawa sun kai ga wannan fasaha tun wajen ƙarni na 6 zuwa na 7, ta kuma bunƙasa a zamanin daular Tang, wadda ta yi mulki daga 618 zuwa 907. Abubuwa biyu suka taimake su: suna da farar ƙasar, sun kuma gwanance wajen gina matoya mai riƙe zafi.

Kyautar da ta isa Bagadaza

Halifa Mansur ya kafa birnin Bagadaza a 762. Zaman hedikwatar daular Abbasiyawa a bakin kogin Dijla ya buɗe mata hanyar ruwa zuwa Basra, daga nan zuwa tekun Farisa da Indiya har Sin. Fatake daga Basra da Siraf da Oman sukan bi iskar damina da ta rani su kai tashar Kanton, wadda Larabawa suke kira Khanfu. Zuwa da dawowa kan ci fiye da shekara guda.

Wani masanin tarihi ɗan Farisa mai suna Baihaƙi, wanda ya rasu a 1077, ya ba da labarin kyautar da gwamnan Khurasan, Ali ɗan Isa, ya aika wa Halifa Haruna Rashid, wanda ya yi mulki daga 786 zuwa 809. Cikin kayan akwai tangaran 20 irin na fadar sarkin Sin, waɗanda ba a taɓa ganin kamarsu a fadar halifa ba, ban da wasu 2,000 na gama-gari. Haka kuma wani littafin labarun Sin da Indiya da aka rubuta da Larabci a 851 ya yi bayanin cewa Sinawa suna da wata laka mai kyau da suke yin kofuna da ita, masu sirantaka kamar gilashi, har ana hango ruwan da ke ciki. Tun daga wannan zamani sunan ƙasar ya manne wa kayan. Larabawa suka riƙa ce da tangaran sini, mutanen Farisa suna cewa cini.

Na dogon lokaci littattafai kaɗai ke ba da shaidar wannan ciniki, sai ƙasa da teku suka zo suka gaskata su. Tsakanin 1911 da 1913 wasu Jamusawa masu binciken kufai, Ernst Herzfeld da Friedrich Sarre, suka yi aiki a kan kufan Samarra, birnin da Halifa Mu'utasim ya gina a 836, wanda halifofi suka zauna cikinsa har 892. An sami tsingaron kwanukan Sin kwance tare da na kwanukan Iraƙi da aka yi don su yi kama da su. Sannan a 1998 masunta suka ci karo da wani jirgin ruwa da ya nutse kusa da tsibirin Belitung na ƙasar Indonesiya. Ƙirar jirgin ta mutanen tekun Larabawa ce, irin wadda ake ɗinke katakai da igiya ba tare da ƙusa ba. An fitar da kwanuka wajen 60,000 daga cikinsa, galibinsu daga matoyan Cangsha, ɗaya daga ciki yana ɗauke da kwanan wata da ya yi daidai da 826. Kayan suna gidan tarihi a Singafo. Jirgi guda ke nan. Wannan ya nuna mana cewa cinikin ya wuce kyautar sarakuna, ya zama na buhu-buhu, kamar yadda ake sauke kaya a Maigatari ranar Alhamis.

Dabarar maginan Basra

Sai mu tsaya mu dubi halin da maginin Basra ya sami kansa. Kafin zuwan wannan baƙo, aikinsa tulu ne da tukunya da manyan randuna masu rufin kore. Masu hali da kwanon ƙarfe da gilashi suke alfahari. Kwatsam sai ga kwanon ƙasa da attajirai ke rububi, ana biyan kuɗi masu yawa a kansa. Ya so ya yi irinsa, to amma ba shi da farar ƙasa, lakar da ke gabansa rawaya ce, matoyarsa kuma ba ta wuce zafin 1,000.

Hausawa sun ce rashin uwa ake uwar ɗaki. Da ma maginan Iraƙi sun iya shafa wa kasko wani haɗi da yake narkewa a wuta ya zama rufin gilashi. Sai suka gano cewa in aka zuba tokar kuza cikin wannan haɗi, gilashin yakan turu ya zama fari kamar madara, ya ɓoye rawayar lakar da ke ƙarƙashi. Suka kwaikwayi siffar kwanon Sin, da buɗin bakinsa da gajeren gindinsa, suka lulluɓe shi da wannan farin rufi. Daga nesa sai a rantse na Sin ne. In ya faɗi ya fashe ne asiri ke tonuwa.

Da a nan suka tsaya, da tarihi ya tuna da su a matsayin masu jabu kurum. Amma kwanon Sin da suka kwaikwaya fari ne sumul, ba zane, shi kuwa Balarabe bai iya ganin farin fili ya ƙyale shi ba. Sai suka ɗauko wani ma'adini da ake kira kobal, wanda yake ba da shuɗi mai zurfi in ya sha wuta, suka riƙa zana ganyen dabino da furanni da gajeren rubutun Larabci a kan farin, wani lokaci kalmar albarka, wani lokaci sunan maginin. Shuɗi a kan fari, wanda yau duniya take ɗauka tambarin Sin ne, a Iraƙi ya fara zama ruwan dare a ƙarni na 9.

Daɗin daɗawa suka aro wata fasaha daga masu aikin gilashi. Bayan an gasa kwano ya huce, sai a yi zane a kansa da haɗin azurfa da jan ƙarfe, a mayar da shi wuta karo na biyu, wuta mai sauƙi mai yawan hayaƙi. Hayaƙin yakan sa ƙarfen ya shiga jikin gilashin ya zauna, siriri ƙwarai, yana walƙiya kamar zinariya. Wasu masana suna danganta farin jinin wannan kwano da hanin da shari'a ta yi na ci da sha cikin kwanon zinariya da azurfa, ko da yake wasu suna ganin kyansa kaɗai ya isa dalili. Abin da ba a gardama a kai shi ne Sinawa ba su san wannan fasaha ba. Wanda ya je Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya zai ga irin wannan aiki a tayil-tayil da aka ƙawata mihrabin babban masallacin garin da su wajen 862, suna nan har yau.

Can gabas kuma, a Nishafur da Samarƙand, a ƙarni na 10, magina suka bi wata hanyar. Suka shafe jan kasko da farar laka mai ruwa, suka zagaye bakin kwanon da rubutun Kufi baƙi, yawanci karin magana ne da nasiha a kan haƙuri da kyauta da neman ilmi. Mai cin abinci yana ci yana karatu.

Masar da Kashan

Hanyar Kanton ta sami cikas wajen 878, lokacin da wani ɗan tawaye mai suna Huang Cao ya auka wa birnin aka karkashe baƙin fatake masu yawa. Ciniki bai mutu ba, sai dai fataken suka koma haɗuwa a tashoshin yankin Malaya. Ita ma Iraƙi ta shiga rikici, arziki ya karkata zuwa Masar, inda Faɗimiyawa suka kafa Alƙahira a 969. Fasahar zanen walƙiya ta bi arziki ta koma can. Mun san sunan wani shahararren magini na zamanin Halifa Hakim, mai suna Muslim, domin yana sa hannu a kwanukansa. Matafiyin nan ɗan Farisa, Nasir Khusrau, da ya isa Masar a 1047, ya yi mamakin kwanukan da ake yi a can, waɗanda don sirantaka ana hango hannun mai riƙe da su.

A wannan lokaci Sin tana ƙarƙashin daular Song, tana aiko da tangaran da ya fi na da sirantaka, da kuma wani irin kwano mai launin kore-kore kamar ɗanyen ganye. Sarakuna sun so wannan koren kwano ƙwarai saboda camfin da ya yaɗu cewa yana tona asirin guba in an sa ta a abinci. Jujin tsohon birnin Fusɗaɗ, kusa da Alƙahira, ya adana shaidar. Masana daga Japan da suka tantance dubban ɗaruruwan tsingaro a wurin cikin shekarun 1960 sun ware na gabas mai nisa fiye da 10,000, suka kuma tarar da ɗimbin na gida da aka yi don kwaikwayonsu.

Farin rufi a kan rawayar laka bai isa ya yi gogayya da wannan sabon kaya ba. Saboda haka maginan Masar suka yi abin da ya fi na Basra wuya: tun da ba su da farar ƙasa, sai suka haɗa tasu. Wani mutumin Kashan mai suna Abul Ƙasim, ɗan gidan magina, ya rubuta yadda ake haɗin a 1301. Kashi 10 na niƙaƙƙen farin dutsen ƙanƙara, kashi 1 na garin gilashi, kashi 1 na farin yumɓu mai danƙo. Gilashin ne yake narkewa ya ɗaure garin dutsen, a sami jiki fari har ciki, ba tare da an kai zafin matoyar Sin ba. Wannan haɗi ya bazu zuwa Raƙƙa ta ƙasar Sham da Kashan ta Farisa a ƙarni na 12. Kashan ta yi suna har aka riƙa kiran tayil da sunanta, kashi ko ƙashani. Maginanta, irin su Abu Zaid, sukan rubuta baitocin waƙa da shekarar aiki da sunansu a jikin kwano. Albarkacin wannan ɗabi'a ne muka san su bayan shekara 800.

Shuɗi ya tafi Sin ya dawo

A 1258 Mongolawa suka rushe Bagadaza. Cikin 'yan shekaru zuriyar Jangis Khan ta zama ita ke mulkin Farisa, ita ke mulkin Sin. Wannan bala'i ya haɗa ƙasashen biyu a hanya guda. Zane-zanen Sin, irin su macijin almara mai ƙafafu da tsuntsun almara da furen bado da curin gajimare, suka bayyana a tayil ɗin fadar Takhti Sulaiman a Farisa cikin shekarun 1270.

Nan ne kuma aro ya juya. A ƙarni na 14 matoyan garin Jingdezhen suka fara zana shuɗi a kan ainihin tangaran, da kobal ɗin da ake kawowa daga Farisa. Daga baya Sinawa da kansu suka sa wa irin wannan launi suna shuɗin Musulmi. Wasu tuluna biyu da ke gidan tarihin Birtaniya a Landan, masu ɗauke da shekarar 1351, sun nuna cewa a lokacin fasahar ta riga ta nuna. Abin lura shi ne girman farantan da aka riƙa yi. Basine a ƙaramin kwano yake ci, shi kaɗai. Musulmi kuwa taruwa suke yi a kan akushi guda kamar yadda muke yi. Don haka aka riƙa gina faffaɗan faranti musamman don kasuwar Musulmi, ana kwaikwayon siffar tasoshi da butocin tagulla na Masar da Farisa. A zamanin sarki Zhengde, daga 1506 zuwa 1521, har rubutun Larabci ake yi a jikin tangaran na fadar Sin.

Sarakunan Musulmi sun tara wannan kaya kamar yadda amarya take tara jere. Shah Abbas na Farisa ya yi waƙafin guda 1,162 ga hubbaren kakanninsa a Ardabil a 1611. Fadar Topkapi ta Santambul tana da fiye da 10,000. Maginan Iznik na ƙasar Turkiyya suka fara da kwaikwayon waɗannan, kafin ƙarshen ƙarni na 16 sun fito da nasu salo mai furannin lambun Turkawa da wani jan launi mai tudu da ba kowa ya iya shi ba sai su.

Ita kuwa dabarar Basra ta farin rufin kuza yamma ta nufa. Ta shiga Andalus, daga nan Italiya, daga nan Faransa da Holan da Ingila. Turawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna cin abinci a kwanon da asalin fasaharsa ta Iraƙi ce. Ainihin tangaran kuwa ba su iya shi ba sai da aka buɗe masana'antar Meissen a Jamus a 1710, watau shekara 900 bayan rasuwar Haruna Rashid.

Ina rabon Afirka?

A gabar gabashin Afirka rabon babba ne. A kufan Kilwa ta Tanzaniya da Gedi ta Kenya an haƙo tangaran na Sin mai yawa, kuma Sawahilawa sukan liƙa faranti a jikin mihrabi da ginshiƙan kaburburan manyansu. Jiragen Zheng He, Musulmin da ya jagoranci rundunar ruwan Sin tsakanin 1405 da 1433, sun kai har wannan gaba. An sami tsingaron koren kwanon nan har a kufan Babbar Zimbabwe, can cikin ƙasa.

A namu ɓangaren labarin ya bambanta, domin raƙumi ne jirginmu, tangaran kuwa ba ya son tafiyar raƙumi. Duk da haka ya ƙetaro. A kufan Tadmakka, wani zangon fatake a arewacin Mali, an haƙo ɗan guntun tangaran na Sin na zamanin daular Song. A Gawo da Audagust an sami kwanuka masu rufin gilashi daga Afirka ta Arewa. A ƙasar Hausa kuwa abin da ya fi isowa shi ne kwanon ƙarfe, wanda ke jure hanya. Kaburburan Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina, da aka sake haƙawa a 1992, sun fitar da kayan tagulla da masana ke dangantawa da Masar ko Sham. Ibn Baɗɗuɗa, wanda ya ce ya ga inda ake sayar da tangaran a tashar Kanton ta Sin wajen 1345, shi ne dai ya zo Takedda a 1353 ya rubuta cewa ana kai jan ƙarfenta Gobir da Barno. Mutum guda ya ga bakin zaren biyu.

Gumel tana kan hanyar fatake tsakanin Kano da Barno. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya ratsa ta a 1851, ya same ta babbar kasuwar kanwa. Amma kwanon waje bai zama na kowa ba sai da jirgin ƙasa ya zo. Layin dogo daga Kano zuwa Nguru, wanda ya bi ta Gagarawa, ya kammala a 1930. Yana kwasar gyaɗa, yana sauke kayan kanti. Cikin kayan akwai kwanon sha mai fenti, da farko daga Turai, a shekarun 1950 kuma daga Hong Kong, kafin Sinawan can su zo su kafa masana'antunsa a Ikko da Kano bayan samun 'yancin kai. In muka lura, langa da fanteka ƙarfe ne aka lulluɓe da narkakken gilashi fari aka zana masa furanni, domin ya yi kama da tangaran. Ashe dabarar maginin Basra ce ta dawo mana a jikin ƙarfe.

Mu ma ba mu karɓi baƙon kwano mun bar shi yadda ya zo ba. Matanmu sun mayar da shi ado da ajiyar dukiya, abin da za a iya ɗagawa a sayar ranar buƙata. Maginan soro a Kano da Zariya sukan liƙa faranti a tsakiyar ɗaurin guga, inda bakuna suka haɗu, kamar yadda Sawahilawa suka yi a mihrabinsu. Misali mafi girma shi ne na Ladi Kwali, Bagwariyar da hotonta yake bayan takardar naira 20. Ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja, Suleja ta yanzu, a 1954, ƙarƙashin Baturen Ingila Michael Cardew, wanda malaminsa Bernard Leach a Japan ya koyo sana'ar. Ladi ta ci gaba da gina tulunta da hannu, da zanen ƙadangare da kunama da kifi irin na gidansu, sai dai a gasa shi da wuta mai zafi a ƙarƙashin rufin gilashi mai asali daga gabas mai nisa. Wanda ya ga tulun a Landan bai ce na Sin ba ne ko na Ingila. Na Ladi ne.

Darasi ga mai alƙalami

A shekarun 1990 an yi doguwar muhawara a jaridu a kan littattafan soyayya na Kano, ana zargin marubutansu da kwashe labaran finafinan Indiya. Muhawarar ta sauya kaya amma ba ta ƙare ba, domin yau a waya ake karanta labaran da aka juyo daga na Indiya da Turkiyya da Koriya. Wani ɓangare na cewa duk aro sata ne. Wani na cewa ai kowa ma aro yake yi. Tarihin da muka bi ya nuna cewa akwai magana ta uku.

Maginin Basra ya yi kwaikwayo, bai ɓoye ba. Amma da ya rasa farar ƙasa bai zauna jiran jirgi ba, ya koma ya binciki abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Da ya sami farin fili sai ya cika shi da rubutunsa da furen ƙasarsa. A ƙarshe wanda aka kwaikwaya shi ya dawo yana aron shuɗi. Haka Abubakar Imam ya yi a Magana Jari Ce cikin shekarun 1930. Ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiya da Turai, ya gina su da lakar Hausa, har mai karatu ba ya jin baƙunta. Ma'aunin da za mu ɗora rubutunmu a kai ke nan. In an fasa labarinka, lakar ina za a gani a ciki? Mutanen da ke cikinsa suna gaisawa kamar mutanen Gumel, suna fushi kamar su, suna sulhu kamar su, ko kuwa suna kawai aka sauya musu?

Kammalawa

Akwai abin da ya kamata ya dame mu. Farar ƙasar da Basra ta rasa muna da ita a Ƙanƙara ta Jihar Katsina da Alƙaleri ta Jihar Bauci. Kuzar da suka riƙa saye daga nesa tana nan a tsaunukan Jos. Duk da haka farantin da ke kabad ɗin amaryarmu daga ƙetare yake zuwa, layin masu tukwane a kasuwanninmu kuma sai ƙara tsukewa yake yi, roba da alminiyam suna cinye shi. Randa ce kaɗai ta ƙi ba da kai, saboda har yanzu babu robar da ke sanyaya ruwa ba tare da lantarki ba.

Mu marubuta ba mu da matoya, amma muna da abin da Abul Ƙasim ya yi amfani da shi a 1301. Ba don 'yan shafukan da ya rubuta ba, da sai dai a yi ta hasashe a kan yadda aka haɗa lakar Kashan. Muna kira ga 'yan ƙungiya, musamman malaman makaranta da ɗalibansu a wannan masarauta, kowa ya nemi mai ginin tukwane mafi tsufa a yankinsa ya zauna da shi ko da ita. A tambayi inda ake haƙo yumɓu da abin da ake gauraya shi da shi, da sunan kowane kayan aiki, da sunan kowace tukunya da amfaninta, da ma'anar zanen da ake yi a wuyan tulu, da wanda ya koya wa wa. A rubuta da Hausa, a sa sunan mai sana'ar da izininsa, a sa shekara, a aiko wa wannan mujalla. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.